Ƙuri'a Goma Sha Tara

Na dawo daga Samaru da digiri
da littafi mai shafi tamanin, duk dabarun zaɓen Amurka.
Kawu Barau na neman kansila a Tudun Wada.
Na ce, Kawu, ajiye sifana, ilimi ya biyo ka har gida.

Na ce akwai wanda bai taka ko'ina ba,
barandar gidansa ya zauna,
jama'a na cika jirgin ƙasa su zo jin ta bakinsa,
kuma ya ci.
Kawu ya goge baƙin mai a gefen wando:
"Shekara talatin ina zaune ƙofar shagon nan,
daga masu faci sai masu bina bashi."

To, wani ya bi dogo gari-gari
yana jawabi daga wutsiyar jirgi.
Namu jirgin sai ya ga dama yake leƙo tasha,
don haka muka ɗaura lasifika a kan Keke Napep.
Mai ya ƙare daidai Agoro.
Ɗan takara ne ya tura,
ni ina ciki, riƙe da makirfo, ina yabonsa.

Na ba shi labarin wanda gumi ya kunyata a talabijin,
na ce fuska ma ƙuri'a ce.
Mai buga fasta ya wanke shi tas,
ya share zanen goshi, ya cike giɓin.
Gwaggo Kande ta daɗe gaban bango tana kallo,
ta ce, "Wannan Balaraben ɗan gidan wa ne?"

Shafi na arba'in na mai kuɗi ne
da aka sayar wa talakawa a matsayin ɗan bukka.
Wannan ban karanta wa kowa ba,
amma Alhaji Cindo, abokin karawarmu,
ya ajiye mota a nesa, ya tako da silifas,
ya tsuguna ya sha koko a ludayin kowa.
Bai taɓa jin sunan Amurkawan nan ba.

Na san mujallar da ta tambayi masu waya da mota
ta ɗauka ta ji ƙasa duka.
Har jan layi na yi a ƙarƙashi.
Sai ga ni da daddare ina ƙirga masoya a wayata,
ɗari tara da biyu,
rabinsu suna Kaduna, wasu ko katin babu.

Na san jaridar da ta buga wanda ya faɗi a matsayin gwani.
Duk da haka na ba da aikin kalandar murna
tun ranar Alhamis.

Da goma sha tara aka kayar da mu.

Washegari Kawu ya buɗe shago, ya kifa keke,
yana juya ƙafar baya, yana sauraren sarƙa.
Bai ɗago ba ya ce, "Tanimu,
ran da ka tsare ni a ɗaki kana zana taswira,
ran nan aka yi sadakar ukun matar Malam Jatau.
Gidan nan, manya kaɗai, ashirin da uku ne.
Akwai shafin gaisuwar mutuwa a littafin naka?"

Na duba. Babu.

Kalandar tana wajen Mati mai tsire.
Jiya na sayi na ɗari biyar,
aka naɗe min a cikin murmushin Kawu.