Kati Na Huɗu

A gwangwanin alewa nake ɓoye su,
can saman kwaba, nesa da bakin gara:
katunan gaisuwa saba'in da uku
da Kawu Jelani ya bar mini
tare da bashin tela da agogon da ya daina tafiya.

Akawun fata ne shi a zamanin kamfani.
Jar akuya ta tafi Turai a ɗaure,
ga abin da ya dawo:
yara masu kumatu kamar sun ƙunshi fura,
wando buje, takalmin icce,
ka ce kwalekwalen Rima suka zura wa ƙafa.
Bayan kowane yaro wani dogon rumbu
mai hannu huɗu yana dambe da iska.

Holan. Mu atamfa muka sani.
Ashe har albasa suke shukawa
don kallon furenta kawai,
ba miya, ba buhu, ba motar Kurmi.
Na faɗa wa wani mai lambu a Kwalkwalawa,
ya ce in rantse.

Jeri guda ya hana ni barci.
A na ɗaya yaro ya ɓoye fure a baya.
A na biyu mai farar hula ta kau da kai.
A na uku sun hau gada, ya lumshe ido, ya turo baki.
A na biyar takalma biyu ke yawo bisa ruwa,
agwagwa na leƙa ciki.
A na shida ya fito sharkaf,
furen dai bai saki ba.

Na huɗu babu.

Shekara tara ina bin sawunsa.
Na zazzage akwatunan Tsohuwar Kasuwa,
na sayi goro ga tsofaffin gidan waya.
Santsi ya kwashe shi?
Ko hannunta?
Rubutun ƙasan ba ya taimako,
barkwanci ne da masu dariyarsa
suka riga kakata kwanta dama.

Jiya da azahar, wuta ta ɗauke,
Hassatu ta zari na biyar tana fifita.
Na ce, a hankali, ya girme mu duka.

Ta dube shi, ta dube ni.
"Wanga shi kaka nema?
Ka mance kwatar ƙofar gidanmu,
daren da ka zo da farar shadda?"

Na ce, ai santsi ne.

Ta ci gaba da fifita.