Mai Kiwon Sauro

Ni ce Ngatirah, mai sayar da shinkafa da miyar kwakwa
a lungun da ya gangara kogin Code, nan Yogyakarta.
Shekara sittin da uku ina kashe sauro da tafin hannu,
yau ga shi an ce in yi kiwonsa.

Wata ɗalibar jami'a ce ta zo, Wulandari,
takalmi duk taɓo, rungume da ɗan bokiti
mai huji-huji a wuya.
Ta ce, "Iya, ƙwai ne a ciki. A ajiye a inuwa.
Kada a zubar, kada a fesa magani kusa."

Na ce, 'yar nan, kin san gidan da kika shigo?
Ɗakin can na Sutarjo ne.
Zazzaɓin dengi ya ɗauke shi tsakiyar damina,
kwana shida, jini ta hanci, jini ta dasashi,
shekararsa tara, bai gama koyon keke ba.
Keken na nan bayan madafa, tsatsa na cinsa.

Ba ta yi gaggawar amsawa ba. Na yaba mata wannan.
Sai da shayinta ya huce ta ce
akwai wata ƙwaya, ido ba ya ganinta,
in ta tare a cikin sauro, cutar ba ta samun masauki.
Uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika,
har unguwa ta cika da zuriyarsu.
Na ce, zai bar cizo?
Ta ce, "Zai ciza, Iya. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Da ta ce zai bari, da na kore ta.

Paijo mai gyaran babur ya ce tsufa ya taɓa ni.
Matarsa ta daina sayen shinkafata mako uku.
Ni dai kowace safiya in leƙa bokitin,
'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil cikin ruwa,
ban san ko addu'a zan yi musu ko tsinuwa ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta.
Ran nan ina naɗe shinkafa a tsohuwar jarida
na ga zane, layi ya gangaro kamar hanyar kogi.
Jikata Sekar ta karanta min: masu bincike sun ƙirga,
masu kwanciya asibiti sun ragu.
Ban iya lissafinsu ba. Nawa daban ne:
sau nawa aka shimfiɗa tabarmar makoki a lungun nan,
sau nawa na dafa shinkafar da ba ta sayarwa ba.

Jiya da magariba ɗaya ya sauka a hannuna,
ƙafafu masu zanen fari da baƙi,
irin wanda ya shiga ɗakin Sutarjo.
Tafina ya tashi da kansa, ya tsaya a iska.
Sekar ta ce, "Kaka, namu ne ko nasu?"
Na ce ban sani ba.
Kafin in yanke shawara, ya sha ya tashi.