Kwalbar Ruwan Rijiya

Haƙorin farko ya fito daren Laraba,
ɗan fari, kamar tsinin ƙwayar shinkafa.
Hansatu ta ji shi kafin ta gan shi,
ta ce "Wash!", ta janye nono tana dariya.
Ni ma na yi dariya,
tafin hannuna a bakina, kamar kullum.

Shekara talatin da huɗu ina rufe baki.
A firamare an ce goro nake ci a ɓoye,
wani malami ya rantse taba ce,
ya sa na dirje da gawayi har dasashi ya yi jini.
Ba goro ba ne. Rijiyar kakana ce,
can ƙauyenmu bayan Langtang,
ruwa garau, mai sanyi, mai daɗin haɗiya,
amma duk wanda ya sha shi tun yana rarrafe
da haƙora masu tsatsa yake tashi.
Ɗan liman, ɗan fasto, ɗan mai unguwa,
rijiya ba ta tambayi sunan uban kowa ba.

Yanzu ga mu a Anguwar Rogo.
Famfo yakan tuna da mu ran Litinin, in ya ga dama.
Sauran kwanaki sai kurar Ɗanlami mai ruwa,
ko na leda, ko rijiyar tsakar gida
da muke rabawa mu gida biyar.

Wata shida muka yi da Inna
a kan cokali ɗaya na ruwa.
"Baƙo, ruwa ake fara ba shi," in ji ta,
"wane irin gari ne za a sauka a duniya
a hana mutum jiƙa maƙoshi?"
Hansatu ba ta da yawan magana.
Takan ɗaga Rumasa'u ta kai ƙirji,
ta ce, "Inna, ga randarta nan."
Inna takan juya baya ta ja tsaki,
amma ba ta taɓa ba ta a ɓoye ba. Na shaide ta.

Jiya maƙwabciya ta shigo da 'yar kwalba
daga wani kemis a Taminus.
Ɗigo kaɗan kullum safe, in ji ta,
haƙori zai fito kamar tangaran.
Zuciyata ta yi tsalle.
Wanda ya kwana cikin sanyin Jos babu bargo
ba ya tambayar kuɗin wuta.

A asibiti Sista Nanret ta juya kwalbar,
ta karanta ƙananan rubutun da gilashi a hanci.
Na buɗe baki zan yi tambaya,
na manta da hannuna.
Ta duba. Ba ta kawar da kai ba.
"Fulorayid," ta ce. "Shi ne a nan ciki,
shi ne kuma ya zauna maka a baki.
Gishiri ne, Malam Safiyanu.
Wanda bai ɗanɗana miya ba, ba ya ƙarawa.
Ajiye wannan tukuna.
Kawo mana ruwan da take sha, a auna."

Shi ya sa yau nake cikin keke a Titin Bauchi,
da kwalbar ruwan rijiya a cinyata,
na rungume ta kamar mai kai mara lafiya.
In mun faɗa rami sai ta yi ƙara,
in ɗaga ta sama, in leƙa.
Garau take. Haka ta kakana take.

An ce in dawo ran Alhamis.

Da dare Rumasa'u ta hau cikina,
ta ture hannuna, ta zura yatsa a bakina,
tana ƙirga su da yaren da ita kaɗai ta iya.
Ta taɓa mai tsatsa, ta taɓa mai ɓalli,
ta ƙyalƙyale, ta nuna mini nata guda ɗaya.
Inna na dama kunu a bakin ƙofa.
"Ashe kana da wushirya," ta ce,
"na manta."