Hanyar Luba a Bayan Fata

Ni baduku ne a Sakkwato,
garin da ƙarfen dogo bai taɓa takawa ba.
Sau ɗaya na ga jirgin ƙasa,
a Ƙauran Namoda, ina yaron mota,
yana tsaye yana huci ana loda mishi buhuna.
Ban shiga ba.

Yau ɗiyata Luba tana ciki.
Ta ƙare karatun likita a Mosko,
ta ce kafin ta komo gida
sai ta ga inda ƙarfen nan ya gaji.

Na ɗauko fatar jar akuya da wuƙa ta ɓata,
na kife ta bisa gwiwa,
na ɗiga kuloko a wuya, na ce nan ne Mosko.
Duk garin da ta faɗa a waya
sai in huda da basilla.

Ta ce itatuwa ne farare, siraran jiki,
tun safe suke wucewa ba su ƙare ba.
Ta ce sun haye duwatsun Ural,
wani ginshiƙi ya gifta ta taga,
aka ce nan Turai ta tsaya, Asiya ta karɓa.
"Baba, ko shayin hannuna bai girgiza ba."

Arzika mai ɗinkin sirdi ya ajiye zare:
"Ƙasa guda, kwana huɗu ana gudu?
Mu da safe ka bar nan zuwa Illela,
kafin azahar Ƙonni na tambayarka takarda."
Na ce to sai ta zo ka ƙaryata ta.

A Baikal ta kira, murya na rawa.
Tafki ne, ta ce, jirgi ya bi gefensa
har ta yi gyangyaɗi ta farka yana nan.
Na tuna Gulbin Rima da bazara
da yara ke ƙetarawa wando a hannu.
Na yi huda biyu, na shafa shuni.

Mongoliya ce ta sa ta kewa.
Makiyaya, tumaki, raƙumi mai tozo biyu,
wata mata na tatsa a bakin bukka.
"Kamar rugar Tangaza, Baba, sai dai sanyi."

A iyakar Sin aka ɗaga taragon sama cikin dare,
aka zare mishi ƙafafu aka sa wasu,
don faɗin dogon ya bambanta.
Arzika ya ce wannan ya yarda,
kowane zaure da takalmin da ake shiga da shi.

Ina alwalar azahar ta riga ta yi isha'i.
Ta ce, "A Mosko kudu nake kallo,
yanzu gabas ɗinmu ta koma yamma."
Na daɗe tsugune da buta a hannu.

Fatar ta ƙare a gindin wutsiya
Bejin ba ta zo ba.
Na yanko wani ƙyalle na ɗinka, na huda.
Arzika ya leƙo: "Ina Sakkwaton?"
Na auna da taƙi, na sake aunawa,
ta faɗo can waje, bisa tabarma,
daidai inda babban yatsansa yake.

Da dare na kai wa Tumba, uwarta,
na nuna mata ƙasa uku, huda goma sha bakwai.
Ta juya fatar, ta shinshina,
ta ce, "In ta sake kira
ka tambaye ta me take ci."