Saura Kwana Tara

Sun manna takarda a bangon rumfata nan Ƙofar Kaɗe,
ko sallama ba su yi ba.
Gudun yada ƙanin wani, in ji ta,
kilomita arba'in da biyu,
a tashi daga Giginya, a taɓo Kware, a komo.
Yaron mai shayi ya karanta mini.
Na ce madalla, na ci gaba da huda fata.

Ni baduku ne.
Ƙafata ta hagu ta ajiye aiki tun ina shekara huɗu,
shan-inna ta riga ni zuwa layi.
Amma tun ranar takardar nan
takalma suke sallama a rumfata
kamar an yi shelar rabon gado.

Marwanu ya fara zuwa,
mai kai burodi Runjin Sambo kafin gari ya waye.
Kambas ɗin gwanjo, lamba arba'in da huɗu,
ƙafarsa kuwa arba'in da ɗaya,
ya cike giɓin da takardar siminti.
Na kifa tafin na duba:
gaba ya cinye, dunduniya sabuwa fil.
Na ce, ɗan nan, kana gudu kamar mai bin ɓarawon akuya.
Kware ba ta zuwa ko'ina. Taka ƙasa duka.

Sai Kofur Ɗantani, sittin da ɗaya,
fansho ya fi shi jan ƙafa.
Nasa ya goge ta gefe guda,
wajen gwiwar da ba ya son a yi zancenta.
Ya ce shi gadar Rima kawai yake nema,
in ya ga ruwa da masu wankin albasa
ya gama nasa tseren.

Luba ma ta aiko da nata cikin leda.
Ma'aikaciyar jinya ce, daga aikin dare
take faɗawa hanyar Wamakko,
ƙanenta a kan keke yana haska mata da fitilar waya.
Ban taɓa ganin tafi ya ci daidai haka ba,
hagu da dama kamar an auna da sikeli.
Ba ta taya ba. Na rage mata ɗari biyu duk da haka.

Kowa gam yake so, don sauri.
Gam bai san kwaltar Sakkwato ba.
Ƙarfe goma na safe zai saki baki
ya bar mutum da laɓɓan takalmi suna tafa masa.
Zare nake sawa, mai kaki, riɓi biyu,
ina ja har sai ya yi ƙara a yatsana.

Abin da ban faɗa musu ba:
ƙarƙashin harshen kowane takalmi
na ɗinke ɗan guntun jar fatar akuya,
bai kai farcen ɗan yatsa ba.
Ƙafa goma sha bakwai zuwa yau.
Ranar, zan ja ƙyauren rumfa,
in tura kekena da hannu har shataletalen Dandima.
Ba ruwana da fuska, ba ruwana da lambar ƙirji.
Ƙasa zan duba,
in ƙirga ɗinkina yana wucewa.

Jiya Marwanu ya dawo karɓa.
Ya ɗaure igiya, ya yi tsalle biyu, ya tsaya.
Ya ce, Baba, in ban kai ba hwa?
Na ce, ka kawo mini takalmin,
zan gane inda ka tsaya
in ƙara zare a wurin.

Saura kwana tara.
Kakin ya kusa ƙarewa, basilla ta dakushe,
ga wani can ya tsallako titi
da takalmi a hammata.