Tafkin Bayan Ɗaki

Da na ajiye aiki a Hukumar Ruwa,
shekara talatin da biyu ina auna ruwan mutane,
sai na dubi bayan ɗakina a Mabera:
tsohuwar taya, fasasshen tulu,
da lemon tsamin da ya ƙi girma.
Na ɗauki diga.

Tumba ta leƙo ta taga:
"Malam, wanga rami na mi ne?
In hwansho kaka nema, ba a ƙasa anka binne shi ba."
Ban tanka ba.
Taƙi ɗaya jar ƙasa, taƙi biyu marmara,
kwana tara kafin ramin ya kai mini ƙugu.

Bube magini ya jera bulo, ya shafe da siminti,
ya ƙirga kuɗinsa, ya ce in jira.
Ban jira ba.
'Yan tarwaɗa ɗari biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba,
na zuba su da la'asar.
Da asuba duk sun juyo da farin ciki sama,
farin cikin da babu murna a cikinsa.
Ashe sabon siminti yana da dafi,
sai an jiƙa, an zubar, an sake jiƙawa.
Mahaifina Basarke ne a Kwalkwalawa,
da yana raye da ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari:
ɗan da ya bar koma ya riƙi biro
ya dawo yana kashe kifi ba ƙugiya.

Karo na biyu na yi mako uku ina kallon ruwa kawai.

Sai suka rayu.
Sai na koyi abin da ba a rubuta a fayil ba:
ruwa in ya yi kore shar, lafiya,
in ya yi wari, an cika ba da abinci,
in suka taso suna haɗiyar iska da hantsi,
bar karin kumallo, buɗe famfo.
Babba yana cin ƙarami ko da ya ƙoshi,
don haka duk sati biyu nake shiga da kwando
ina raba su aji-aji kamar hedimasta.

Bazara ta zo da rana mai dafa ƙwai a aljihu.
Na kafa rumfar zana, na sa kainuwa a gefe,
na sayi kura uku a wurin 'yan ga-ruwa,
ni da na san kowane bututu a garin nan.
Zalɓe ya gano mu ran Laraba.
Ya tsaya a kan katanga da ƙafa ɗaya
kamar mai binciken kuɗi daga hedikwata.
Jikata Kuluwa ta ɗaure gwangwanaye a igiya,
ita ce yanzu sarkin tsaro, albashinta alawa.

A watan takwas aka kwana ana ruwa,
tafki ya cika ya tumbatsa.
Da safe maƙwabcina Altine ya yi sallama
da bokiti a hannu, tarwaɗa bakwai a ciki:
"Baƙinka sun biyo lambatu sun kwana wurina.
Takwas ne, amma ɗaya ya riga ya shiga miya."

Tsohon ruwan da nake zubarwa
lemon tsami yake sha.
Bana ya yi 'ya'ya har reshe ya sunkuya.
Tumba ce ke tsinka, tana matsawa a kan farfesu,
ba ta ƙara tambayar rami na mi ne ba.

Akwai ɗaya mai tabo a gefen gemu,
ya kai tsawon damtsena, ba na sayarwa ba ne.
Bayan magariba nakan zauna a bakin bulo,
in taɓa ruwa da yatsa uku.
Sai ya taso a hankali, ya dube ni,
ya ga ba abinci a hannuna,
ya koma.