Miyar Jego a Tsibirin Jeju

Ok-ryeon ta tashi tun da jijjifi,
shekara saba'in da uku, gwiwa na ƙara.
Ta ɗaura dalma a ƙugu,
ta faɗa ruwan da ke yankan ƙashi.

A can ƙasa akwai gonar da ba ta san garma ba.
Ga jar ciyawa, siririya kamar gemun masara,
a shanya ta kan baƙin dutse har ta koɗe,
a dafa, ta daskare, a sha da sanyi ranar gumi.
Ga baƙa mai tsinke-tsinke
da uwarta ta cuɗa da sha'ir
shekarar da tukunya ta ƙi cika.
Ga mai kauri da guguwa ke jibgewa a gaɓa,
takin gonar maƙwabci.

Yau duk ta wuce su.
Miyeok take nema, mai faɗi, mai santsi,
don daren jiya Seon-hwa ta sauka lafiya.

Lauje ɗaya, biyu. Ta ɗago kai,
numfashi ya kuɓuce mata da fito kamar tsuntsu.

A gida man riɗi ya cika ɗaki.
Mai jego ta kurɓa, ta yamutsa fuska:
"Inna, gishiri ya yi yawa."
"Shanye. Haka na ce wa tawa uwar
ranar da na haife ki."

Jaririya na barci, hannu a dunƙule.
Ba ta san teku ya riga ya shiga nonon
da za ta farka ta nema ba.